Iko a Ikko

Shekara goma sha tara ina aske kan nan.
Na san shi tun yana dakon albasa a Mil Sha Biyu,
gammo ya cinye gashin tsakiyarsa.
Na san tabon da ke bayan kunnen hagu,
inda ƙofar danfo ta gaishe shi a Oshodi.
Duk faɗin Ikko, ba mai sanin kan Nomau kamar askata.

A da, in ya zauna a bencina na Agege,
kafin sabulu ya yi kumfa ya tambayi tarin Inna,
ya tambayi kuɗin haya, da yaron da ke haƙori.
Yakan hango yunwa a fuskar mutum
tun mutumin bai ƙare sallama ba.
Mun taɓa raba burodi ɗaya a ƙarƙashin gada,
ya ce ya ƙoshi. Ƙarya yake. Ya turo mini nasa.

Sai tirela ɗaya ta haifi uku, uku suka haifi tara.
Sai 'yan kasuwa suka ɗaga hannu, suka ce: Shugaba.

Yanzu mota ake aiko mini ranar Alhamis.
Mu haye doguwar gada, ruwa dama, ruwa hagu,
har Ikoyi, inda maigadi ke zazzage jakata
kamar bai san aikin aska ba.

Kan dai shi ne, tabon na nan,
amma wani ya tashi daga ciki,
irin tashin ɗan haya da ke kwashe kaya cikin dare.
Yana tambaya, ba ya jiran amsa.
Yana soma labari, falo ya fashe da dariya
tun bai kai wurin dariyar ba.
Tsokar ƙarshe a faranti, hannunsa ke kai mata,
ido na kan waya.
Ya ce wa baƙi, "Ni na yi kaina,"
ni kuwa da na ranta masa kuɗin buhun farko
ina riƙe da kan a hannuna.

Wani likita da nake yi wa gyaran fuska a Idi-Araba
ya ce a ganinsa ƙwaƙwalwa na da ɗan madubi
inda ciwon wani ke bayyana kamar naka,
kujera kuwa tururi gare ta.
Ni ban yi boko ba, amma na gane:
wanda kowa ke karanta fuskarsa
yakan daina karanta fuskar kowa.

Duk da haka, ni kaɗai ne a garin nan
ke ce masa "sunkuya" ya sunkuya.

Alhamis ɗin jiya hannuna ya goce,
aska ta ɗan taɓa tsohon tabon.
Jini ya fito, ja wur, irin na 'yan dako.
Ya zabura, ya dube ni, duba na gaske,
tururi ya yaye kamar ƙiftawar ido.
Ya ce, "Ilu, yaya tarin Inna?"

Shekara shida ke nan da muka binne ta.
Ambulan ya aiko, ta hannun direba.

Na buɗe baki, waya ta yi ƙara,
ya ɗaga mini yatsa ɗaya. Na rufe.

Da na koma Agege da sababbin kuɗi a aljihu,
ana ta "Ga wanzamin Shugaba!"
na daka wa yarona Tanimu tsawa kan tawul.
Sai da na kwanta, janareto ya yi shiru,
na tuna tun safe yaron ɗingishi yake,
ban kuwa tambaye shi ba.

Na shafa kaina a cikin duhu.
Wa zai ce mini sunkuya?